An Bar Sifiku a Wuta, Mun Tafi Shan Shayi

Wata yarinya ta aiko min saƙo bayan labarin wancan karon, wayata ta karanto min shi da muryar nan tata ta mai mura. Wai tsohuwa kamata me za ta yi da saurayi? 'Yar nan, abin da kike yi da naki, sai dai ni nawa ba ya ce min yana hanya alhali yana kwance. To, a bar wannan. Ku matso, yau ba wasa na zo yi ba, don yanzu haka da nake muku maganar nan ban sani ba ko ɗakin da nake zaune a ciki zai kai ni sabuwar shekara.

Ga waɗanda suka shigo yau, sunana Mak Siu-ngo. Ƙuruciyata duk a kasuwa ta ƙare wajen kankare kifi, ban taɓa zama a aji ba, mijina kuma ya rasu tun ɗana Kam-fai yana sakandare. Ina zaune a gidajen gwamnati, nan Sham Shui Po, hawa na sha tara. Ɗaki ɗaya ne. Daga kan gado idan na miƙa hannun dama in buɗe firij, idan na miƙa na hagu in kunna wa hoton mai gidana turare. Amma nawa ne. Ni nake rufe ƙofata, ni nake buɗewa.

Saurayin nawa Tam Bing-kuen, tsohon direban ƙaramar bas mai jan rufi. A lambun unguwa muka haɗu wajen motsa jiki da sassafe, kowa yana ɗaga hannu sama shi yana kallona. Mutum ne mai tsafta, ba ya caca, ba ya shan taba, matarsa ta daɗe da rasuwa. Ciwonsa guda ɗaya: sifika. Yana da wasu guda biyu a ɗan akurkin da yake haya, kowace ta kai durowar kaya, a tsakaninsu yake shimfiɗa katifa kamar gawa mai 'yan rakiya. Da aka ce za a rushe benen nasu, ya zo da lemo leda guda ya ce yana son mu yi aure. Na ce na ji, amma durowoyin nan ba za su hau min bene ba. Bayan mako ya sayar da su. Ranar da aka zo ɗauka, da kansa ya riƙe musu ƙofa, ya ce wa yaran su bi a hankali, na kau da kai kamar ban ga idonsa ba. Shi ne na yi masa alkawarin ƙanana, da kuɗina, kada dai su wuce abin da na sayi firij.

Kun san yadda ofishin gidajenmu yake: laifi maki ne, idan makin ya cika a karɓe makulli. Ni na riga na ci biyu. Na farko esina, na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗiga a kan shanyar Matar Pun da ke ƙasa da ni. Na biyu na baza ɓawon lemo da kifin gishiri a baranda su sha iska, ita ɗin dai ta hau ta ɗauki hoto. Na uku shi ne na kora, kuma hayaniya tana cikin abin da ake rubutawa.

Akwai mai jiran na ukun. Ɗana ne. Kam-fai ba mugu ba ne, kada wata ta zage min shi a ƙasan labarin nan. Shi dai so yake in mayar da ɗakin in koma gidansa a Tuen Mun, in kwanta a ɗan lungun da injin wanki yake, in riƙa raka tagwayensa makaranta. Yana kiran wannan hutu. Tam kuwa a wurinsa ɗan neman mafaka ne, ɗakin yake so ba ni ba. Da ƙyar ya yarda su haɗu, aka sa ranar Lahadi a gidan shayi.

Ranar Asabar muka nufi titin Apliu. Tam ya rataya 'yar jakarsa, faifansa a ciki. Su masu wannan ciwo ba sa yarda da faifan mai shago, wai kowane mai shago yana da waƙar da take rufa wa kayansa asiri. Ya kuma zo da igiya mai ƙulli biyu, ya auno faɗin kantata da zurfinta tun da safe.

Shagon a sama yake, a bayan mai sayar da fitilu. Mai shagon wani mai tumbi ne da yake kiran kowa babban yaya. Ya fara nuna mana wasu masu tsayi har ƙuguna, ya ce su ne daidai da kunnen babban yaya. Na ga Tam ya haɗiyi yawu. Ya shafa gefen ɗaya, sannan shi da bakinsa ya ce a'a, ɗakin ƙarami ne, babbar sifika a ƙaramin ɗaki gurnani kawai take, sautin ya bugi bango ya dawo ya tattake kansa. Ya ce a fito da na kan kanta. Aka jera mana kusan kala biyar. Ya riƙa juya kowace yana duba bayanta kamar mai sayen kaza. Wadda take da rami a baya ya ture ta gefe, wai irin wannan tana son a ba ta tazara da bango ta yi numfashi, ni kuwa ba ni da tazarar da zan ba wa ko tsintsiya. Mai rami a gaba ake so, ko wadda ba ta da rami sam.

Aka saka faifan, wata mata tana rera waƙar wasan gargajiya da goge a bayanta. Tam ya rufe ido, ya ce a rage, a ƙara ragewa. Wai sifikar kirki a ƙasa-ƙasa ake gane ta, idan an rage murya ba ta shanye ba, don a haka za mu riƙa ji. Na ji daɗin wannan magana, ban dai nuna ba.

Aka zo kan guda biyu. Ɗaya sabuwa a kwali, baƙa, ba ta da wani kyau. Ɗaya ta hannu, mai jikin katako ja, ta fi araha, kuma ko ni da kunnena na kasuwa na ji ta fi daɗi. Tam ya dube ni kamar yaro a gaban mai alewa. Sai na tambayi mai tumbi ta wane ne. Ya ce wani dattijo ne, 'ya'yansa suka kawo kayan gaba ɗaya. Na ce dattijon yana ina? Ya ɗan yi tari ya gyara wata waya da ba ta buƙatar gyara.

Na ce, “Tam, kayan mamaci ba za su shiga min ɗaki ana saura wata guda ɗaurin aure ba.”

“Siu-ngo, katako ne da takarda.”

“Shi ma akwatin gawa katako ne.”

Ya san idan na kai nan ba na dawowa. Muka ɗauki sabuwa, ita da abokiyarta. Mai tumbi yana ɗaure kwalin yana cewa babban yaya ya san sauran, sai an dafa ta sosai, kada a yi mata hukunci tana ɗanya. Suka yi dariya su biyu. Ni na ɗauka irin zancen maza ne na banza.

Sai da muka isa gida ya kafa su a kan kanta, ɗaya nan ɗaya can, hoton mai gidana a tsakiya yana kallon ikon duniya, sannan ya yi min bayani. Wai sabuwar sifika jikinta a sandare yake, sai ta yi kwana da kwanaki tana kiɗa ba tsayawa kafin muryarta ta saku. Dafawa suke ce masa, kamar miyar ƙashi da ake bari a ƙaramar wuta. Ta hannun da na ƙi, ita tuni mamacin ya dafa ta. Na ce kwana da kwanaki a kan Matar Pun? Ya ce in kwantar da hankalina, akwai dabara. Ya sauke su ƙasa, ya haɗa su fuska da fuska kamar masu raɗa, ya sauya wa ɗaya waya, jar ta shiga ramin baƙa, baƙar ta shiga ramin ja. A cewarsa idan aka yi haka ɗaya tana turawa ɗaya tana ja, sautin ya cinye kansa. Wannan ɓangaren ban saurara da kyau ba, ina wanke shinkafa. Ya ce gobe idan za mu fita sai a kunna, a lulluɓe da bargo, mu dawo an ci rabin aiki.

Ranar Lahadi Tam ya zo da wuri. Ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka da ya yi masa yawa a kafaɗa, farar riga da ya goge har ta yi ƙyalli, ya shafe 'yan gashin da suka rage da mai. Ni na sa rigata ta siliki mai ruwan ƙwaiduwa da maɓallan ƙulli, da awarwaron dutse kore na uwata. Ya durƙusa ya saka wani faifai daban, na dafawa, ya kunna. Wani ɗan shuuu ya fito, kamar ruwan sama daga nesa. Ya jawo bargo ya rufe, ya shiga bayi.

Bargon da ya jawo shi ne sabon jan nan mai tsuntsaye biyu da na saya don daren aure. A ƙasa. A kan wayoyi. Na yaye abina na ninke na mayar kan gado, na yafa musu tawul. Ina yafawa na ga jar waya a baƙin rami. Na ce lallai tsufa ya kama mutumin nan, ko makaho ya san ja da ja suke tafiya. Na gyara masa, kada ya ji kunya. Shuuu ɗin ya ɗan ƙaru, ba wani abu ba. Abin da ban sani ba, faifan nan a hankali yake farawa, tafiya tana nisa yana buɗe baki.

A gidan shayi Kam-fai da matarsa Suk-han sun riga mu zama, sun bar tagwayen a gida, alamar ba zumunci aka zo yi ba. Tam ya miƙa hannu biyu, Kam-fai ya ba shi yatsu uku. Suk-han ta ɗauraye kofuna a ruwan zafi, ta zuba min, ta zuba wa mijinta, ta ajiye butar. Tam ya ɗauka ya zuba wa kowa ƙari, kofinsa a ƙarshe. Ba wanda ya ƙwanƙwasa masa tebur da yatsa don godiya sai ni.

Aka kawo ƙullin jatan lande da ƙafar kaza. Kam-fai ya fara tambayoyi da muryar ofis. 'Ya'ya nawa Kawu Tam yake da su, suna ina, me ya sa ba zai zauna wurinsu ba? Yaushe za a rushe benen? Ashe ya kusa, ikon sama, sai ga maganar aure ta taso daidai lokacin. Tam yana amsawa a hankali, hannunsa a kan gwiwa, kunnuwansa sun yi ja. Ya ce shi bai zo cin komai ba, zai riƙa ɗaukar mini kaya daga kasuwa, ya san sunan duk magungunana.

Kam-fai ya ce, “Kawu, ka san Mama saura laifi ɗaya a kore ta?”

“Na sani.”

“To mutum biyu a wannan ɗakin, da rediyonka.”

Tam ya ce ba rediyo ba ce, sannan ya ga bai kamata ya gyara ba. Daidai nan wayata ta yi ƙara a jaka. Ni saƙon murya ake turo min, kowa ya sani, kuma wayata kullum a buɗe take don kunnen hagu ya fara yi min gardama. Na danna ban duba hoton mai magana ba. Muryar Matar Pun ta cika teburin, tana kirana Popo, yadda ake kiran tsofaffin mata a nan.

“Popo Mak, kina raye? Wani abu yana gurnani a ɗakinki, kofuna suna tafiya a kantata. Na buga ƙofa ba a amsa ba.”

Suk-han ta ajiye tsinken cin abincinta. Na ce wataƙila firij ne. Kafin in mayar da wayar wani saƙon ya shigo, yatsana ya riga hankalina.

“Idan gas ne mun mutu duka. Na kira ofis, suna hawowa.”

Tam ya zama fari kamar tuwon waken suya. Kam-fai ya goge bakinsa a nutse, ya ɗaga hannu a kawo lissafi, ya ce zai kai mu da motarsa. Ban taɓa ganin ya yi saurin taimako irin na ranar ba.

A mota Tam ya matso yana raɗa min cewa ba zai yiwu ba, ya juya wayar, ya rufe da bargo mai kauri. Na ce masa bargon yana kan gado. Ya dube ni. Na ce wayar ma na gyara masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai riƙe hannuna a ƙarƙashin jakata, inda madubin Kam-fai ba ya gani. Wani saƙon ya shigo, ban buɗe ba. Suk-han ta juyo ta ce kada Mama ta damu, ai ɗakin Tuen Mun yana nan, har sabon labule ta sa.

Tun a cikin lif muka fara ji. Ba kiɗa ba ne, da kiɗa ne da sauƙi. Abu ne yake tasowa daga ƙasa, wuuu, ya hau, ya hau, ya zama fito, ya faɗo ya koma gurnani har ka ji shi a haƙoranka. Ƙofa tana buɗewa na ga barandarmu cike, duk wanda na taɓa hana aron tsani ya fito. Matar Pun tana gaba da rigar barci, ta toshe hanci da hankici. Kusa da ita jami'in ofis, wani matashi mai tabarau da allon rubutu a hannu, da mai gadi yana kiran wani a waya a kawo abin ɓalle ƙofa.

Makullin ya ƙi shiga sai a karo na uku. Tam ya wuce ni ya zare wayar wuta. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar tsoro. Tawul ɗin ya zame, sifikun sun ja da baya sun jingina da ƙafar gado, tokar turare ta zube a gaban hoton mai gidana.

Jami'in ya leƙa, ya shinshina, ya ce wa jama'a ba gas ba ne, kowa ya koma. Ba wanda ya motsa. Ya tambayi wace ce mai ɗakin, na ce ni. Ya duba allonsa, ya daɗe yana dubawa, na san abin da ya gani. Ya ce Popo, kayan nan naki ne, ke kika kunna kika fita?

Ban buɗe baki ba Tam ya riga ni. Ban san lokacin da ya cire kwat ɗin ba, sai ganinsa na yi ya naɗe hannun riga, ya ranƙwafa kamar wanda ya saba shiga gidan mutane ta ƙofar baya. Har muryarsa ta sauya.

“Ranka ya daɗe, laifina ne. Ni ne mai haɗa kaya daga shago. Na kunna don gwaji na manta, tsohuwa ba ta san komai ba. A rubuta sunana.”

Jami'in ya dube shi, ya dubi man gashin, ya dubi takalmin da aka goge. Ba wawa ba ne, amma na ga yana neman hanyar da zai bi ya bar ni. Ya ce idan kuskuren ɗan aike ne, kuma an kashe, zai iya rubuta gargaɗi kawai, sai dai yana son wani daga dangi ya tabbatar.

Kam-fai ya dubi Tam, ya dubi ƙofar ɗakin. Na san ɗana, ina jin lissafin yana tafiya a kansa. Ɗakin zai iya jira, wani laifin zai zo. Damar korar Tam kuwa ba ta zuwa sau biyu. Ya taka gaba, ya ɗaga murya yadda har na ƙarshen baranda za su ji, ya ce gaskiya ne, mai gyara ne, su ma yau suka fara ganinsa. Ya zaro takardar kuɗi daga aljihu ya miƙa wa Tam, ya ce ga na mota, Kawu ya kwashe kayansa ya mayar shago, kada ya sake hawowa benen nan, an gode.

Tam ya karɓa. Da hannu biyu ya karɓa, ya sunkuyar da kai. Ya durƙusa ya fara naɗe waya a gwiwar hannunsa, bai kalle ni ba ko sau ɗaya.

To ga ni a tsaye. In na yi shiru, makullina yana hannuna, gadona, firijina, ƙofar da nake rufewa. Ba abin da ake nema a wurina sai shiru, abin da na iya tun ina amarya. Matar Pun ta san Tam sarai, ta sha ganinmu a lambu, amma ita ma ta rufe baki tana kallona, tana jiran ta ga irin matar da nake. Jami'in ya ɗora biro a kan takarda. Na kalli ƙeyar Tam, wurin da man bai kai ba, gashin ya tashi tsaye.

Na ce, “Ajiye wayar nan, Bing-kuen. Mayar masa da kuɗinsa.”

Kam-fai ya ce Mama. Na ce ban gama ba. Na gaya wa jami'in mutumin nan ba ya gyara komai, ko famfona ya gagare shi. Kayan nawa ne, da kuɗina na saya, shi ya rufe su da kyau ni na buɗe. Sunansa Tam Bing-kuen, wata mai zuwa za a ɗaura mana aure, a ɗakin nan zai kwana idan ɗakin yana nan, idan ba ya nan kuma duk inda aka jefa ni.

Tam yana durƙushe, wayar a hannunsa. Jami'in ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya rage murya, don shi yaron kirki ne.

“Popo, kin gane ko? Idan na rubuta haka, ba ni da ikon gogewa. Takardar sama za ta tafi, wurin manya.”

Na ce, “Na gane, yaro. Ni ban iya karatu ba. Ka rubuta da manyan baƙi, ɗana ne zai karanta.”